Tambaya da Amsa: Yini Guda a Bayan Jarumi

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka shigo wannan wata yawancinsu kan abu ɗaya suka tsaya, wato shiga shirin talabijin a matsayin ɗan cika taro: mutanen nan da ake hangowa suna kai da kawo a kasuwa, ko suna zaune a bencin kotu, ko suna cin abinci a gidan biki, jarumai kuma na gaba suna magana. Na ɗauko huɗu. Kamar yadda muka saba, na cire sunaye, na kuma rage wa wasu tsawo.

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a kwalejin Hassan Usman Katsina, gidanmu na Ƙofar Marusa. Akwai wani shiri mai dogon zango da tun da aka fara shi kashi ɗaya bai taɓa wuce ni ba. Wani abokina ya ce masu shirin za su zo Katsina ɗaukar wasu fitowa bayan Sallah, kuma suna neman mutanen da za su cika wuri. Na ji ka taɓa cewa kai ma ka yi irin wannan. Don Allah yaya abin yake? Wane kaya zan sa? Ana ba da wani abu kuwa? Ko da yake ni wallahi ko sisi ba a ba ni ba, in dai zan ga jaruman nan ido da ido, buƙata ta biya.

Amsa: Ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka je. Duk wanda ke son shiri irin son da ka kwatanta, ya kamata ko sau ɗaya ya ga yadda ake haɗa shi, gani ya kori ji. Sai dai maganarka ta ƙarshe, wai ko sisi ba a ba ka ba, ita ce ba ta kwanta mini ba, kuma zan zo kanta. Bari in fara da nawa zuwan.

Ni a ƙasar Daura na yi, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Mai'aduwa. Sunan shirin zan bar shi a cikina. Wani tsohon ɗalibina ne ke riƙe sandar makirfo a tawagar, kuma ya san yadda nake da shirin, ya san ranar da ake nuna shi ba a samuna a majalisa bayan isha'i. Ya kira ni wata Alhamis da dare ya ce, "Malam, jibi muna neman mutanen kasuwa. Ka taho da kaya kala biyu, ban da farar shadda." Ran Asabar ina idar da sallar asuba na nufi tasha. Katsina zuwa Daura ta Mashi kamar kilomita 80 ne, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni.

An ce ƙarfe takwas, kuma takwas a wurin ta yi mana, mu wajen arba'in, maza da mata, akasari mutanen ƙauyen da mai gari ya tara, sai mu 'yan tsiraru da son shirin ya kwaso daga nesa. Motar kayan aiki ba ta iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi, jarumai kuma sai bayanta. Ba a fara ɗauka ba sai da rana ta kusa kaiwa tsaka. To ka sa wannan a ranka tun daga gida: mafi yawan yinin a jira zai ƙare. Ba kuma kullum ne wulaƙanci ke kawo jiran ba. Ranar ba ranar kasuwar ƙauyen ba ce, rumfuna wayam suke, dole sai da aka tayar da kasuwar daga tushe. Aka baza tumatir da albasa a kan buhuna, aka kasa gishiri da kanwa, aka aro awaki biyu aka ɗaure a gindin bedi, aka sa wani ya hura wutar tsire don hayaƙi ya riƙa tashi daga baya. Za ka ce ga kasuwar Mai'aduwa nan kusa, tana ci ran Lahadi, maƙil da mutanen Nijeriya da na Nijar, me zai hana a je can a ɗauka a huta? Ba ta yiwuwa. Kasuwar gaske ba ta tsayawa don darakta ya ce a tsaya, kuma da zarar an hango fuskar jarumi ciniki ya watse, kowa ya yo kan kyamara. Shi ya sa ake neman irinmu, waɗanda in an ce su tafi su tafi, in an ce su koma inda suka taso su koma.

Ni aka haɗa ni da wani dattijo mai goro, wanda sana'arsa ke nan ta gaske. Da faifansa ya zo, da tsumman da yake lulluɓe goron, da 'yar robar ruwan da yake yayyafa masa. Mataimakin darakta ya ce mana, "Ku yi ciniki, amma baki kaɗai zai motsa, kada murya ta fita." Aka ce akshan. Na tsuguna, na ɗauki farin goro guda, na jujjuya shi, na ɗaga yatsu biyu. Baba ya dube ni, ya girgiza kai, sai kawai muka ji, "Albarka!" da ƙarfi. Mai sauti ya zare abin kunnensa, aka ce kat. Aka sake. Na sake tayawa, na ga Baba ya cije leɓe yana ta fama da kansa, amma ina, kalmar ta sake kuɓuce masa. Shekara da shekaru bakinsa ya saba, bai iya ƙin tayi a shiru ba. Ba wanda ya yi masa tsawa. Mataimakin daraktan ya zo ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, ɓara goro guda ka sa a baki, ka riƙa tauna a hankali." Shi ke nan magana ta ƙare. Da goro a baki, sai ya girgiza kai, ya zare nasa daga hannuna ya mayar kan faifai, ya kau da fuska gefe yadda yake yi wa mai tayin raini. Duk kasuwar nan ba wanda ya kai shi, har da jaruman, don shi abin da yake yi kullum ne yake yi.

Dalilin shirun nan sai lokacin hutu na gane shi sosai, da ɗalibin nawa ya ɗora mini abin kunnen. Na ji takun silifas ɗin wata yarinya tun daga bakin rijiya. Na ji ƙarar sabuwar shaddar wani duk sanda ya ɗaga hannu. Makirfon nan ba abin da yake bari. Muryar jarumai ake so tsaf, in hayaniyarmu ta shiga ƙarƙashinta, ranar da mai tacewa zai haɗa guntayen hoton sai a ji sautin na tsalle, nan da ƙarfi, can a hankali. Saboda haka hayaniyar kasuwa daban ake naɗarta. Can da yamma aka ce kowa ya saki murya na 'yan mintoci, ba kyamara, makirfo kaɗai. Nan Baba ya samu ya zuba albarkarsa son ransa, masu fura suka yi talla, awaki ma suka taya.

Fitowar da ba ta wuce minti biyu ba a talabijin, tun kafin azahar muke kanta har la'asar. A fara ɗauko kasuwar duka daga nesa, sannan a matso kan fuskar jaruma, sannan a juya kan wanda take magana da shi, kuma kowane juyi sai kowa ya maimaita abin da ya yi daidai wa daida. Akwai wata yarinya mai littafi a hannu, aikinta ke nan lura da wannan. Da za a tashi sallar azahar ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana ɗaukar mu hoto a waya. Da muka dawo ta bi da duba: wanda karin hularsa ke dama ya koma hagu ta gyara masa, wadda ta sauya ɗaurin kallabi ta sa ta mayar, har goron da ke kan faifan Baba sai da ta ƙirga. Ga rana kuma ba ta jiran kowa. Inuwar rumfa na matsawa, mai ɗaukar hoto na duban sama yana cewa a hanzarta. Bayan la'asar na sauya riga na zama wani mutum dabam, mai wucewa da buhun gero a bayan keke, a wata fitowar da sai can gaba a labarin za a nuna. Amfanin kaya kala biyu ke nan: duk abin da ya shafi kasuwa, ko a kashi na nawa yake, rana ɗaya ake kwashe shi.

Batun kaya, ka guji fari fat, don yana ƙyalli a rana ya ɓata hoto. Ka guji mai ƙananan zane-zane a jere, yana rawa a kyamara, da riga mai tambarin kamfani ko hoton ɗan siyasa. Yadi mai laushi wanda ya sha wanki ya fi sabo. Ka karya kumallo da kyau, ka riƙe ruwanka, musamman in bazara ce, don a Maris da Afrilu zafin ƙasar nan yana haura digiri 40. Ka kashe waya. Kada ka kalli idon kyamara, ko da a sace ne, mai kallo a gida yana ganewa nan take. Kada kuma ka ɗauki hoton wurin ka sa a TikTok. Mutane sun zuba kuɗi da wahala a labarin da ba su so a san ƙarshensa tukuna, amana ce aka ba ka da aka bar ka ka gani.

Jaruman da kake ɗoki za ka gan su, amma a gajiye. Jarumar da muka yi aiki da ita, duk hutun da aka samu tana cikin mota da takarda a hannu tana haddar maganganunta. Wanda yake fitowa a mugu, wanda a majalisarmu ba irin addu'ar da ba a yi masa ba, shi ne ya fara zuwa ya tsuguna ya gaida dattawan ƙauyen. Ka bar neman hoto sai an tashi. A lokacin, in ka yi sallama cikin ladabi, da wuya a hana ka.

Yanzu ga maganar da na ce zan dawo kanta. Dab da magariba mai kula da hidimar tawagar ya zauna da littafi yana kiran suna. Naira dubu biyu aka ba kowa, ban da shinkafa da wake da ruwan leda da aka raba da rana. Wasu samari da suka zo daga nesa irina, da aka kira su sai suka ce a bar shi, su don ƙauna suka zo. Na san da zuciya ɗaya suka faɗa. Amma ina tsaye kusa da Baba mai goro, na ga yadda ya dube su. Shi yininsa guda na sana'a ya ajiye. Matan nan masu fura sun bar gidajensu tun safe. Ranar da masoya suka yawaita suna zuwa kyauta, gobe ba za a kira su Baba ba, ko kuma a kira su a ce musu ai wasu ma ba a ba su komai. Kyautar da ka yi, daga aljihun wanda ya fi ka buƙata ta fita. Ka karɓi haƙƙinka. In ba ka so, kana fita ka miƙa wa wani, ladanka na nan.

Na san masu shirin ma ba a kan tulin kuɗi suke zaune ba. Kasuwar faifan CD da ta riƙe Kannywood shekaru ta durƙushe, harka ta koma tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, inda kuɗi ke shigowa sannu a hankali gwargwadon masu kallo da talla. Amma ƙarancin kuɗi dalili ne na a faɗi gaskiyar abin da za a iya bayarwa, ba na a yi shiru ba. Ka tuna abin da ya faru a farkon 2022, lokacin da dattijuwa Ladin Cima, wadda ta daɗe tana fitowa a matsayin uwa, ta shaida wa BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa dubu biyar ake ba ta a fim. Wasu furodusoshi da daraktoci suka fito suka musa, suka ce sun ba ta fiye da haka nesa ba kusa ba, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ba ni zan raba wannan gardama ba. Amma in har za a iya jayayya kan sallamar mai suna irin nata, ina ga kai da ba wanda ya san sunanka? Kafin ka bar gida ka tambayi wanda ya gayyace ka: ƙarfe nawa za a tashi, nawa ne, kuma hannun wa zai fito? Wannan ba rashin kunya ba ne. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a san lada kafin a fara aikin ƙodago, kuma hadisi na nan a Ibn Majah cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Bayan wata da watanni aka nuna fitowar. Jaruma na gaba tana faɗa, ni da Baba muna can baya, hoton ya ɗan dushe, daƙiƙu kaɗan aka wuce. Mahaifiyata ce ta fara gane ni, ta ce tsugunon nan ko a ina ta gan shi ta san nawa ne. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Kuma tun daga ranar idona bai sake tsayawa kan jarumi kaɗai ba. Ina duban na baya, ina gane wanda aka koya wa aiki da wanda aka tsayar kawai, don in na baya suka sandare suna zare ido, komai iyawar jarumi, ba za ka yarda kasuwa ce ba.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni uwa ce, daga Daura nake rubuto maka. 'Yata ta gama sakandare bara, ba ta da zance sai na fim. Wani ya same ta a Facebook ya ce shi wakilin wani shiri ne, ta tura naira dubu goma sha biyar kuɗin fom, sannan ta same su a Kano, za a fara sa ta cikin ƙawayen amarya, daga nan a ba ta babban matsayi. Ya ce kada ta faɗa wa kowa sai an gama, kada 'yan baƙin ciki su shiga. Allah ya sa ta faɗa mini. Mahaifinta ya rasu. Ban san yadda harkar take ba, kuma ba na son in karya mata zuciya. Me ka gani?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinta, ya raya miki ita. Kada ki tura ko kwabo, kada kuma ta taka ƙafarta. Ɗan cika taro shi ake biya, ba shi ke biya ba. Kuma ki duba wannan: ƙawayen amarya ba a rasa su a Kano. Duk inda za a ɗauki fim, daga nan kusa ake nemo masu cika wuri, ta hannun mai unguwa ko ƙungiyar wasan kwaikwayo ko wani sananne a tawagar, don ba furodusan da ke son ɗaukar nauyin mota da masauki a kan wadda ba za ta furta ko kalma ɗaya ba. Wanda zai taso yarinya daga Daura ta bi ta Kazaure har Kano don ta tsaya bayan amarya, ba tsayuwar ce ta dame shi ba. Sannan ga babbar alama, wai kada ta faɗa wa kowa. Mai shirin kirki shi ne zai fara cewa ina iyayenki, don shi ma yana tsoron abin da zai je ya dawo.

In kina son ki tabbatar, ki sa a tambaye shi sunan kamfani da inda ofishinsu yake, kawunta ko yayanta ya je da ƙafarsa. Masu sana'ar suna da ƙungiya, MOPPAN, mai rassa a jihohi. Kano kuma tana da Hukumar Tace Finafinai tun 2001, wadda ke yi wa masu harkar rajista. Duk kuɗin da ya wajaba a biya, a ofis ake biyansa a karɓi rasit, ba a asusun wani mutum da aka sani a waya ba. Ina kyautata zaton da ya ji an ambaci kawu zai ɗauke ƙafa. Ki adana saƙonnin da lambar asusun da ya turo, ki kai wa 'yan sanda, don ba 'yarki kaɗai ya rubuta wa ba.

Ita kuma, Hajiya, ki fara da yaba mata. Yarinyar da aka ce ta ɓoye ta zo ta faɗa wa uwarta, kin yi tarbiyya. Kada ki mayar da sha'awarta laifi, in kika yi haka na gaba da zai rubuto mata ba za ki ji labari ba. Ranar da wata tawaga ta gaskiya ta zo Daura, ki bar ta ta je da rana tare da yayanta ko gwaggonta, ta yini ta ga zafin abin, ta dawo kafin magariba. In ta dawo har yanzu tana so, to akwai hanyar karatu: sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Bayero a Kano, da makarantar koyon fim ta Jos da ke ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024. Ba kuma gaban kyamara kaɗai ake aiki ba. Akwai rubuta labari, akwai tacewa, akwai kwalliya da sutura. Yarinyar nan mai littafi da na ambata a sama, in ta ce a sake, har darakta sai ya saurare ta.

Tambaya: Malam, ni kurkura nake tuƙawa, ina Sabuwar Unguwa. Na ajiye aikina na yini a wurin ɗaukar wani shiri, muna zaune a matsayin masu sauraron shari'a. An sallame ni, ban ce ba a ba ni ba. Amma na gaya wa duk 'yan layinmu, aka taru aka kalla har zangon ya ƙare, ko hulata ba a nuna ba. Yanzu tsiya ake yi mini. Wannan ba yaudara ba ce? Kuma ni da na ɗauka ta nan ake zama jarumi.

Amsa: Ɗan'uwa, na san da ciwo, amma ba a yaudare ka ba. Yininka aka saya, kuma an biya. Abin da ake ɗauka kullum ya ninka abin da ake nunawa. Kowane kashi yana da iyakar mintocinsa, in a tasha ne ma sai an bar wa talla wuri. Mai tacewa kamar tela ne da yadi: ƙyallen da ya faɗi ƙasa ba don ya fi sauran muni ba ne, rigar ce ba ta kai nan ba. Wataƙila hoton nesa da kake ciki aka cire aka bar fuskar alƙali. Wataƙila wani a bencinku ya kalli kyamara. Wataƙila ma fitowar gaba ɗaya aka zubar, har da manyan jaruman da ke cikinta, wannan yana faruwa da su ma. Gaba in ka sake zuwa, ka bari sai ka ga kanka sannan ka kira mutane.

Zancen zama jarumi kuwa, gara in faɗa maka gaskiya: ƙofar nan ƙarama ce ƙwarai. Darakta a ranar ɗauka hankalinsa na kan rana da agogo, ba ya neman sabuwar fuska a benci na uku. Abin da yake yiwuwa shi ne mataimakinsa ya lura da wanda ke zuwa kan lokaci, yake jin magana sau ɗaya, ba ya ƙorafi a tsakiyar aiki. Irin wannan ake sake kira, wata rana a ce zo ka ce "Allah ya gafarta Malam, ga shaidar nan ya iso." Daga layi ɗaya ake samun biyu. Amma ranar da aka ba ka layin, dole ya zama ka iya faɗarsa, kuma wannan a ƙungiyar wasan kwaikwayo ake koyonsa. Masana'antar ma kanta daga nan ta tsiro: ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta yi Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Su Kasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja, da muka taso muna leƙe ta tagar maƙwabta don mu gan su, sun daɗe suna gogewa kafin sunansu ya game ƙasa. Ka nemi ƙungiya a nan cikin gari ka riƙa zuwa atisaye da yamma. Kurkurarka kuma kada ka sake ta, ita ke ciyar da gida.

Tambaya: Malam, ni ke shugabantar wata Islamiyya a Rafindadi. Wasu masu shiri sun roƙi in ba su yara ashirin da kayan makaranta ran Alhamis, tunda ba karatu, za su fito a matsayin ɗalibai. Sun ce za su yi wa makaranta alheri. In ba su?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, yaran ba naka ba ne kai kaɗai, amanar iyayensu ce a hannunka. Kowane yaro sai uban ko uwar sun ji da kunnensu sun amince, don hoton da ya hau YouTube ba ya saukowa, yaro zai girma ya tarar da shi. Kafin ma ka je ga iyayen, ka ce a ba ka rubutun fitowar ka karanta, har da abin da ya zo kafinta da bayanta. Kana iya ba da yara da kyakkyawar niyya, ashe labarin na wani malami ne macuci, ga bajen makarantarka a ƙirjin yaran ƙasa duka na gani. Ko labarin mai kyau ne, ni da za a rufe bajen da sunan makaranta zai fi kwanta mini.

Ka yanke musu lokaci, kuma ka nemi a fara da yaran a sallame su, don jiran da babba ke iya jurewa yaro ba ya iyawa. A tanadi inuwa da ruwa da abinci. Malami namiji da malama mace su kasance tare da su daga fita har dawowa, kada a ware yaro ko ɗaya zuwa wani wuri ba tare da su ba. Alherin da za a yi wa makaranta daban, na yaran daban, a faɗi adadinsa tun yanzu, a damƙa a hannun iyaye. In suka ce rubutun sirri ne ba za su nuna maka ba, ka ba su haƙuri su nema a wani wurin.

Sauran wasiƙun, har da ta mai tambaya kan hayar gida ga masu ɗaukar fim, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.